Bin Sawun Iro Makaɗi Daga Garwa Zuwa Mbakawu

Mun tashi da asuba daga Garwa, ni da abokin tafiyata, bayan mun yi salla a masallacin bakin tasha. Na ce mun tashi, amma gaskiyar magana mota kawai muka shiga da asuba. Ba ta motsa ba sai da rana ta fito ta fara cizo, domin direba ya tafi shan shayi, da ya dawo kuma mai lodi ya tafi shan nasa. Tun da na dawo mutane ke tare ni a mahauta da cikin kasuwa, kowa da irin labarin da ya ji. Shi ya sa na zauna na rubuta shi bi da bi, don in huta da maimaitawa.

Zan fara da dalilin tafiyar. Ni ne Galadiman Fawa a mahautarmu. Allah ya yi wa Sarkin Fawa rasuwa, aka tsayar cewa za a naɗa sabo da zarar an yi sadakar arba'in. A wajenmu ba a naɗa Sarkin Fawa sai da kalangu, kuma kalangun mahautarmu na gidan Baba Tanko ne tun kakanninsa. Duk saniyar da aka kayar, makaɗi yana da tsokarsa, kuma da wannan tsoka gidan yake ci, shi da uwargidansa da 'ya'yansa mata biyu da suka dawo gida da jikoki. To, a farkon damina ɓarin jikin Baba Tanko ya shanye. Ɗansa namiji ɗaya ne, Iro. Manya suka yanke magana: in Iro ya zo ya buga naɗin, kalangu ya zauna a gidansu. In bai zo ba, a miƙa shi ga wani makaɗi daga Marwa wanda ya riga ya sauka a gari yana jira, tsoka kuma ta bi kalangu.

Shi kuwa Iro ya bar gida da jimawa. Ya ajiye kalangu ya shiga abin da suke kira orkes, ƙungiyar samari masu jita da ganga irin ta Turawa, suna kiɗan sol da fank, wato kiɗan baƙaƙen Amurka da matasa ke ji a rediyo da faifai. Ni ban taɓa tsayawa na saurara ba. Abin da na sani game da su shi ne tulin gashi da wando mai buɗaɗɗiyar ƙafa kamar buhu.

Da na je sallama, Baba Tanko ya kama rigata da hannun da ya rage masa. "Galadima, in ka same shi kada ka ce ni na aiko ka." Na ce to wa zan ce. Ya ce, "Ka ce mahauta ce. Ni da shi ba mu da magana."

Abokin tafiyata kawun Iro ne, ƙanin uwarsa, dillalin shanu. Mutumin kirki ne, sai dai ba ya wuce mai tallar abinci ba tare da sun gaisa ba.

Mun haye gadar Binuwai ruwa ya cika har yana taɓa gonakin bakin gaɓa. Hanyar kwalta ce, ba ni da ƙorafi a kanta. Ƙorafina a kan direba ne, wanda ya mai da kowane ƙauye tasha. A Ngong ya ɗauki buhunan gyaɗa. Gaba kaɗan ya ɗauki mutum da tumaki, aka cusa ɗaya a ƙarƙashin ƙafata, ta wuni tana taunar igiyar takalmina. A Mbe muka tsaya cin abinci, doya a wurin kamar kyauta, kowace kamar cinyar maraƙi. Abokin tafiyata ya sayi damin doya ya ce zai kai wa iyali. Na tuna masa cewa gaba muke yi, ba gida ba. Ya ce doya ba ta san gaba da baya ba. Wannan doyar ta bi mu ko'ina, kuma sau da yawa ni na ɗauke ta.

A hawan dutsen da ke kafin Ngaundere injin ya tafasa. Aka sauke mu, maza suka bi motar da ƙafa suna cusa duwatsu a bayan taya. Da muka kai sama iska ta sauya, sanyi ya shiga rigata. Mun isa gari bayan la'asar sakaliya.

Mahauci ba ya kwana a masaukin haya in akwai mahauta a gari, don haka muka nufi gidan Sarkin Fawan Ngaundere. Ya karɓe mu da kilishi da kindirmo mai kauri irin wanda ba mu samu a Garwa. Da na faɗi abin da ya kawo mu, bai ko yi tunani ba. Ashe mahautan garin duk sun san Iro. Fatar gangunansa ta Turawa ta daɗe da fashewa, kuma babu kantin da ake sayar da irinta a duk arewa. Sai yakan zo mahauta da sassafe ya zaɓi fatar ɗan akuya, ya jeme ta da kansa yadda ubansa ya koya masa, ya ɗaura a kan gangar ƙarfe. Sarkin Fawa ya ce, "Yaron nan ya fi dillalan fata sanin fata. Amma kun makara, Galadima. Shekaranjiya suka loda kayansu."

Da safe aka raka mu mashayar da suka yi wasa, can bayan tashar jirgin ƙasa. Ban taɓa shiga irin wurin ba, kuma ban shiga ba, a ƙofa na tsaya. Mai wurin wata mace ce 'yar kudu, ƙaƙƙarfa, tana haɗa Faransanci da Fulatanci, abokin tafiyata yana mayar mini. Na tambayi sunan ƙungiyar don in riƙa tambaya a hanya. Ta ce a wurinta Kurayen Binuwai ne, amma bara da wani suna suka zo, kuma tana jin a Meiganga wani sunan suke amsawa. Na ce mutanen da ba su iya riƙe suna ɗaya ba, me za su iya riƙewa. Ta dube ni sama da ƙasa, ta nuna mini wani lungu inda suke kwana a kan benci, kayan kiɗa a tsakiya, su a kewaye kamar masu gadin garke. Ta ce ba su da faifai ko ɗaya, ba a taɓa sa su a rediyo ba, wanda bai gan su da idonsa ba bai ji su ba. Amma ranar da suka yi wasa ma'aikatan jirgi sai da suka fitar da teburanta waje don wuri ya ishe su. Ta ce masu kiɗa da yawa sun ratsa wurinta, daga Duwala har daga Kongo, ba ta ga mai ganga kamar ɗan Hausawan nan ba. Ina suka nufa? Yamma. Ko Tibati ko Banyo, ba ta tabbatar ba.

A nan na zauna na yi lissafi irin na mai hankali. Duk wanda ke yawo da sana'a, ranar kasuwa yake bi. Haka mahauta ke yi, haka dillalai, haka masu magani, haka makaɗan kalangu. Babbar kasuwar shanun Banyo ta kusa ci, jama'a za su taru daga ko'ina. Saboda haka suna Banyo. Na faɗa wa abokin tafiyata, ya ce to.

Daga Ngaundere kwalta ta ƙare mana. Jar ƙasa ce, ga ragowar damina. Akwai abin da suke kira bariyar ruwa: da zarar an yi ruwa, sai a gitta ƙarfe a hanya, babu babbar motar da za ta wuce sai ƙasa ta sha iska. Tsari ne mai kyau, ban ƙi shi ba. Amma mun zauna a gindin ƙarfen nan har na san sunayen 'ya'yan mai gadinsa. Abin da ya rage mana zafi shi ne matan Fulani da ke fitowa daga ruga da nono da zuma a ƙwarya. Zumar wannan ƙasa baƙa ce, mai ɗan ɗaci a ƙarshe. Duk wanda ya bi hanyar ya saya.

Da muka iso Tibati, abokin tafiyata ya ce mu sauka mu kwana mu tambayi mahauta. A lokacin idonsa na kan wata mai soya kifi a bakin tasha. Na ce ba kifi ya fito da mu ba, kuma in muka kwana kasuwar Banyo za ta wuce mu. Ya ce, "Galadima, tambaya fa ba ta cin lokaci." Na ce tambayarsa tana ci, don takan zo da miya. Muka wuce.

Hanyar Tibati zuwa Banyo ba zan so wa maƙiyina ita ba. Gadojin katako ne, kowace sai an sauka an duba ta kafin a hau. Motarmu ta kafe a laka har gindi, muka tura, ta fita, ta sake kafewa a inda ana hango inda ta fara. Farar rigata ta koma kalar tukunya. Wani ɗan kasuwa daga Kuseri da ke zaune kusa da ni ya yi ta zagin hanyar da Larabcinsu, in ya gaji ya koma Hausa, in ya ga jandarma, wato ɗan sandan hanya, ya koma Faransanci ya ce hanya lafiya lau.

Banyo gari ne a gindin duwatsu, mai sanyi da ciyawa. Shanun da na gani a kasuwar, tsakani da Allah, sun kusa mantar da ni abin da ya kawo ni. Amma babu orkes. Na tambayi mahauta, na tambayi 'yan tasha, na tambayi masu gyaran keke. Babu wanda ya ga mai tulin gashi ko ɗaya.

Da azahar muka zauna a rumfar wata dattijuwa mai tuwon masara da miyar yakuwa. Ta ji muna gardama ni da abokin tafiyata, ta sa baki ba tare da an gayyace ta ba. "Malam, su masu jitar kake nema a kasuwar shanu? Ka taɓa ganin mai shanu ya kwance bakin rawaninsa don rawa? Ai waɗannan albashi suke bi. Ƙarshen wata suna wajen 'yan jirgi. In motocin kudu sun zo ɗaukar kifi, suna Mbakawu wajen masunta. In an biya kuɗin auduga, ka neme su Tuboro. Yanzu dai lokacin kifi ne." Mbakawu kuwa tana dab da Tibati, inda muka wuce ba mu sauka ba.

Abokin tafiyata ya nemi ƙarin miya, ya ci a hankali yana kallon rufin rumfa. Da ya yi magana da ya fi mini sauƙi. Har yanzu ina ganin lissafina daidai ne ga duk mai sana'a ta hankali. Ban san akwai masu kalandar da ba ta kasuwa ba.

Muka sake bin wannan hanya a karo na biyu, da gadojinta da lakarta, doya tana kan cinyata. Ina lissafin kwanakin da suka rage kafin sadakar arba'in, ina ganin fuskar makaɗin Marwa yana zaune a zauren mahauta yana shafa gemu. A Tibati mahauta suka ce ai kowa ya san suna Mbakawu, har Iro ya karɓi fata a wajensu. Da mun tambaya tun farko da an raka mu.

Mun shiga motar kifi da ba ta da kaya muka isa da hantsi. Mbakawu madatsar ruwa ce, ruwan ya bazu iya ganinka, busassun itatuwa a tsaye a cikinsa. Bakin ruwan bukkoki ne da wuraren banda, hayaƙi ko'ina, masunta daga kowace ƙasa, har da 'yan Najeriya da 'yan Cadi. Ban sha wahalar nema ba. Masunta da yamma suke shiga ruwa, don haka wasan da rana tsaka ake yi, a wani fili da aka kewaye da zana, da injin wuta na wani mai sayen kifi yana ta tari a gefe. Na biya kuɗin ƙofa da baƙin ciki. Niyyata in tsaya a baya har su gama, in kama Iro, mu tafi.

Su biyar ne. Zan faɗi abin da na ji yadda na ji shi, tunda ban san kalmominsu ba. Da farko akwai jita mai kaurin murya da suke ce wa bas. Ita ba a kunne ake jin ta ba, a ciki ake ji, ƙasan haƙarƙari. Sai ƙaramar jita, wadda mai ita ba ya barin sauti ya yi tsawo, yana datse shi ƙyas-ƙyas kamar ana wasa wuƙa da wuƙa. Sai mai ƙaho, dattijo, wanda yakan yi shiru har ka manta da shi, sannan ya soko sau biyu ya koma. Sai mawaƙi, siriri, yana ihu kamar ya taka garwashi, yana zubewa a gwiwa yana tashi. A bayansu duka Iro, zaune a tsakiyar ganguna, hannu biyu da ƙafa biyu kowanne da aikinsa.

Na zo da shirin jin hayaniya. Abin da ya ba ni haushi shi ne ban same ta ba. Na tsaya ina neman inda za su yi karo da juna, ban gani ba. Kowa yana da gurbinsa, ba ya shiga na wani. In bas ya taka, jita ta ɗaga. In mawaƙi ya ɗaga hannu, duka su tsaya cak kamar an yanke igiya, sannan su faɗo tare a bugu ɗaya. Na yi shekaru ina ƙoƙarin sa mahauta huɗu su feɗe sa ɗaya ba tare da sun soki juna ba. Na san wahalar abin da nake kallo. Wannan shi ne fank. Daga baya suka sassauta, mawaƙi ya rage murya ya yi wata mai sanyi, rabi Fulatanci rabi Turancin da nake zaton shi ma bai gama ji ba, kamar mai roƙon a yafe masa. Wannan shi ne sol. Na ga wani ƙaton masunci ya juya baya yana goge ido da gefen riga. Abokin tafiyata kuwa ya ajiye doya ya shige tsakiyar fili, mutum mai jikoki.

Ban san lokacin da Iro ya hango ni ba. Sun koma mai sauri, sai na ji wani abu ya shigo cikin kiɗan ta hannunsa na hagu. Takena ne. Ga wanda ba mahauci ba, take shi ne kiɗan da aka keɓe wa mutum shi kaɗai. Nawa Baba Tanko ya yi mini shi ranar da na fara kayar da sa. Iro ya buga shi a kan fatar akuya, bai rage ko ɗigo ba, sauran huɗun kuma suka buɗe masa hanya suka bi bayansa kamar sun san shi tun da. Doka ce, in an buga takenka ka miƙe ka amsa, ko a ina kake. Na fito gaba na ɗaga hannun dama na yi kirarina har ƙarshe. Masunta suka ɗauka cikin wasan ne, suka yi ta tafi. Doka ce kuma ka ba makaɗi tsoka. Babu nama a Mbakawu. Na fita na sayi bandar kifi mafi girma na ajiye a gaban ganga. Ban taɓa zaton Galadiman Fawa zai biya takensa da kifi ba.

Da aka watse, Iro ya zo ya durƙusa, wandon nan yana neman yagewa. "Baba Galadima, sannu da hanya. Lafiya dai?"

Na ce, "Da lafiya ce da ka gan ni cikin hayaƙin kifi?" Na faɗa masa komai a jere: rasuwar Sarki, ciwon ubansa, hukuncin manya, makaɗin Marwa, da tsoka.

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Shi ya ce in zo?"

"Mahauta ce ta aiko ni."

"Wato shi ne." Ya juya ya dubi sauran. "Baba, in na je na zauna, waɗannan huɗun sun watse. Babu wani mai ganga daga nan har Yawunde da zai yarda ya kwana a benci."

Dattijon mai ƙaho, wanda yake jin Hausa sosai, ya ce, "Galadima, mu ma haifarmu aka yi. Ba za mu hana shi ba. Amma ka san abin da za ka ɗauke mana."

Na ce ban zo jin tarihinsu ba. Duk da haka na ji, don motar da za ta fita sai an gama loda kifi. Mai ƙahon tsohon soja ne, a bariki ya koyi busa, ya bar fansho mai zuwa ya bi wannan hanya. Mai bas ɗan Cadi ne da tashin hankali ya koro, ya haɗa jitarsa ta farko da katakon akwati da wayar birkin babur. Mai ƙaramar jita ɗan kudu ne, malamin makaranta ne a da. Mawaƙin lebura ne a aikin shimfiɗa hanyar jirgi. A wajen wani ma'aikacin hanya suka fara jin faifan irin wannan kiɗa, suka yi ta juya shi har ya sule. Da ya sule suka fara yin nasu. Yanzu duk abin da suke bugawa nasu ne, kuma babu inda aka ajiye shi sai a kawunansu. Sauya sunan ma da dalili: duk mai mashayar da ya ɗauke su yana so ya ce sabbi ya kawo.

Na ce wa Iro abu ɗaya na sani, ya zo ya buga naɗi. Abin da zai biyo baya ban yi masa alkawari ba. Ya ce zai zo, amma ƙafarsa ƙafar ganguna, ganguna kuma na su biyar ne. Haka aikena na ɗauko mutum ɗaya ya zama ɗaukar mutum biyar da akwatunan lasifika.

Komowar ba zan tsawaita ta ba. A kan kwandunan kifi muka zauna har Ngaundere. A kowane shinge jandarmomi sai sun sauke su saboda gashin, a duba katin shaida, a leƙa cikin babbar ganga. Takardunsu cif suke, na yaba da wannan. Da ruwa ya sauko suka tuɓe rigunansu suka rufe kayan kiɗa, su suka jiƙe. A Ngaundere aka dafa doyar abokin tafiyata aka ci da manja, na ji daɗin rabuwa da ita. Mun shiga Garwa ana gobe naɗi, duk muna warin banda.

Da safe Iro ya fito cikin rigar ubansa, ya cusa gashin cikin hula da ƙyar. Aka ɗauko Baba Tanko a tabarma aka jingina shi da bango. Iro ya rataya kalangu ya buga naɗin daga farko har ƙarshe, sannan ya bi mahauta ɗaya bayan ɗaya da takensu, har da na waɗanda suka mutu. Da ya gama ya je ya durƙusa gaban tsohon. Ina kusa, na ji.

Tsohon ya ce, "Hannun hagunka ya yi sauri."

"Gangar Turawa ce, Baba."

"Na ji. Ba laifi."

Sabon Sarki ya miƙa masa kalangu a gaban jama'a, ya ce daga yau shi ne makaɗin mahauta. Sannan ya tambaye shi ko zai zauna. Iro ya ce, "Ranka ya daɗe, ba zan yi maka ƙarya ranar naɗinka ba. Ba zan zauna ba." Wuri ya ɗauki gunaguni. Wani ya ce to wahalar me aka sha. Makaɗin Marwa ya fara gyara zama. Uwargidan Baba Tanko tana bakin ƙofa da jikoki, ta sa mayafi ta rufe baki.

Na miƙe na nemi izini. Na ce a bi abin a jere. Da farko an ce in ya buga naɗi kalangu na gidansu ne, ya buga. Na biyu, Sarki ya miƙa masa da hannunsa, kowa ya gani. Na uku, muna yara kakan yaron nan ya tafi Makka a ƙasa ya yi shekaru, ya bar wakili yana buga masa, ana raba tsoka biyu, kuma akwai dattawa a nan da suka ci wannan zamani. Wanda ba shi da kalangu ba ya naɗa wakili. Jiya Iro ba shi da shi, yau yana da shi. Wani dattijo ya ce Makka daban, mashaya daban. Na ce haka ne, amma dokar ba ta tambayi inda makaɗi ya tafi ba. Aka yi ta ja har rana ta take. A ƙarshe Sarki ya yanke: kalangu na Iro ne, mutumin Marwa wakili, tsoka rabi da rabi. Babu wanda ya fita da murna cikakkiya. Rabin tsoka ba ya ƙosar da gidan Baba Tanko kamar da, amma tukunyarsu ba ta sauka daga murhu ba.

Ba su daɗe a Garwa ba. Sun yi wasa sau ɗaya a wata unguwa, ban je ba, amma na aika musu da ƙafar sa da fatun akuya masu kyau. Daga nan suka loda suka nufi Tuboro jiran kuɗin auduga, da wane suna, Allah masani.

Abin da tafiyar ta koya mini kaɗan ne. In ka isa gari, ka sauka ka tambaya, ko da abokin tafiyarka don kifi ya ba da shawarar. Kada ka bi hanyar Banyo da farar riga. Sannan mutanen nan biyar masu sana'a ne na gaske, na ga aikinsu da idona, kuma na san aiki in na gan shi. Ba su da faifai, ba su da gida, ranar da ɗayansu ya faɗi abin da ke kansa ya tafi ke nan. In sun zo garinku, ku ba su wurin kwana da abinci, ku je ku saurara tun suna nan.

Ni dai ga ni a mahauta. Kowace safiya wakili yana buga takena, kuma kowace safiya yana cinye ƙarshensa. Na gyara masa har na gaji. Dole in miƙe in amsa, tunda doka ce, in yanka masa rabinsa, in aika da ɗaya rabin gidan Baba Tanko. Wanda ya iya buga shi daidai yana can wajen masu auduga, yana kwana a benci.